Shekara 9 muna tare da wannan laftof: in gyara ta ko in sallame ta?

Baba Sakatare (Garwa):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, amma ku yi mini haƙuri sai na ɗan ja zancen.

A 2016 na sayi laftof ɗin da nake aiki da ita har yau, ThinkPad T430, ta hannu. Wani yaro ne ya kawo mini daga Mubi a kan jaka 140 na sefa. Ko a lokacin ba yarinya ba ce, don ƙirar 2012 ce. Waɗanda suka san shagona sun san 'yar sakatariya ce: takardar neman aiki, takardar cinikin fili, katin biki, memwar ɗin ɗalibai (rubutun kammala karatu), wasiƙar kai kuka wurin hukuma. Duk abin da mutum ya zo da shi a baki ko a rubutun biro, ni nake mayar masa bugagge. Daga ƙarfe 7:30 na safe har bayan la'asar, kwana 6 a mako, tana kunne. Da ita na aurar da 'ya'ya biyu.

To yanzu tsufa ya kama ta. Batir ba ya kai minti 10, da an ɗauke wuta sai in yi ta rige-rige da ita in adana abin da nake bugawa. Fankar ciki tana gurnani kamar injin markaɗe. Da rana ta take, gefen hagu yakan yi zafin da ba ka iya ɗora hannu, wani lokaci ta mutu da kanta ana tsakar aiki. In na kunna ta da safe, sai na gama shan shayi kafin ta farka. Kuma kullum sai na gyara mata kwanan wata, in na manta sai ta sa wa takardun mutane wata shekara can baya. Haruffan A, E da S sun goge sarai, amma wannan bai dame ni ba, yatsuna sun san gidajensu.

Shekaranjiya ɗan ƙanena ya zo ya ƙara mini da cewa wai an daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma tawa ba za ta ɗauki 11 ba. Ina da jaka 200 da na ware don rufin ɗakin baya kafin damina. In taɓa kuɗin in sayi wata, ko akwai sauran numfashi a wannan?

Ɗan Kusiri:
Wa alaikumus salam Baba. Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Tsohuwar nan ta yi maka bauta, ka 'yanta ta. Ni aikina fiton kaya ne a gadar Ngeli da ke tsakanin Kusiri da Njamena, kuma ƙa'idata ba na wuce shekara 3 da kwamfuta. Tun tana da daraja nake sayarwa in cika kuɗi in ɗauki wata. Ranar da ta mutu maka da takardun mota 4 a ciki, direbobi na tsaye a kanka, rana na dukan kowa, ranar za ka san arha ba ta ado. Abin da kake ci da shi ba a yi masa jiran gawon shanu.

Ɗan Mubi:
Ni dai abin da ya fara ɗaure mini kai da na shigo zauren nan, jin kuna cewa "mashin ɗina ya ƙi tashi". Na yi ta ba wani shawara ya duba fulogi da kafireto, ashe kwamfuta yake nufi. Baba, in ka yanke shawarar sayarwa ka tuna da ni, jaka 25 a hannu, ba bashi.

Baba Sakatare (Garwa):
Jaka 25? Ɗan nan, ai ko jakarta ta fi haka. Allah ya shirye ka.

Mai Gyara Domayo (Marwa):
Baba, kada ka saurari masu son cin gadon mai rai. Duk abin da ka lissafa, babu ciwon ajali ko ɗaya a ciki. Bari in bi maka su.

Zafi da gurnani abu ɗaya ne. Fanka tana zuƙo iska ta ƙasa, ta hura ta cikin wasu siraran ƙarafa masu kama da haƙoran mataji, ta fita ta gefen hagun nan da kake jin yana ƙuna. A ƙasarmu iskar ba ita kaɗai take shiga ba. Hunturu 9 ke nan tana shaƙar ƙurar Garwa. In na buɗe irin taka, abin da nake cirowa a bakin matajin kamar guntun bargo ne, ƙura da zare da gashi sun dunƙule sun toshe hanya. Fanka na ta juyi, iska ba ta fita. Sannan tsakanin furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, da ƙarfen da ke janye zafinta akwai wani mai toka-toka kamar man goge baki. Da shekaru yakan bushe ya zama kamar alli. Idan furosesa ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu don ta ceci kanta, in abin ya ƙi sai ta kashe injin gaba ɗaya. Wato mutuwar da take yi maka da rana ba lalacewa ba ce, dabarar kare kai ce. Aikin awa ɗaya ne: a buɗe, a share, a sa sabon mai.

Kwanan wata kuwa, akwai wani ɗan batir mai kamar kwabo a ciki, CR2032, shi ke riƙe agogo idan babu wuta. Ya ƙare ne kawai. Kuɗinsa bai kai na farantin shinkafa ba.

Jinkirin tashi, diski ne. Naka irin mai faranti ne da ke juyawa, da ɗan hannu mai bin sa yana karatu kamar allurar garmaho. Ka sa SSD mai giga 256, wato diskin da ba shi da faranti mai juyawa, ka kai RAM, wurin da injin ke riƙe aikin da yake kai, giga 8 in bai kai ba. Wallahi sai ta tashi kafin ka zuba sukari a shayin. T430 tana cikin injinan da nake jin daɗin gyarawa, don komai da sukurori aka ɗaure, ba da gam ba. Batir ma ta baya ake zare shi da hannu, ba sai an fasa ciki ba. Duka-duka ban ga abin da zai ci maka jaka 50 ba.

Ɗan Kusiri:
Mai gyara ai ba zai taɓa cewa a sayi sabo ba. Ka taɓa jin wanzami ya ce a bar suma?

Mai Gyara Domayo (Marwa):
Ni ma ina sayar da na hannu, yallaɓai, kuma ribar sayarwa ta fi ta gyara. Da son kaina nake yi, da na ce ya kawo jaka 200 ɗin. Kuma waɗannan siraran da kake canzawa duk shekara 3, ka san me ya sa dole ka canza? Da yawansu RAM ɗin a like yake da allon ciki, ba a ƙarawa. Batir a ciki yake, in ya kumbura sai ya ɗago kibod. Jikin roba ne, wurin da murfi ke maƙale yakan tsage tun ba a je ko'ina ba. Akwai injin da aka ƙera don ma'aikatan kamfani, akwai wanda aka ƙera don a gani a shago a yi sha'awa. ThinkPad, Latitude, EliteBook, waɗannan na aikin ofis ne, shi ya sa ko sun sha hannu a Turai suke zuwa nan su ƙara wata rayuwar.

Ɗan Dang (Ngaundere):
Kawu Mai Gyara, duk na yarda, amma ka tsallake babbar maganar. Ƙarfe zai iya rayuwa, manhajar fa? Windows 11 tana neman furosesar Intel daga zuriya ta 8 zuwa sama, da wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0. Ta Baba zuriya ta 3 ce. Na san ana yi mata dabara a cusa 11 ɗin ta ƙarfi, mu ma a nan Dang, unguwar jami'a, yara na yi, amma ba abin da za ka ɗora sana'a a kai ba ne. Kuma Baba kullum filas ɗin mutane yake karɓa. Duk wanda ya taɓa kai filas sakatariya ya san bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli ya bar maka inuwarsu kawai. Injin da aka daina aiko wa gyaran tsaro, ga filas 20 a rana, ai gida ne ba ƙyaure a bakin kasuwa.

Shawarata ya sa Linux Mint a maimakon Windows. Kyauta ce, ba nauyi, tana zuwa da LibreOffice mai yin aikin Word da Excel, kuma wancan bairos ɗin na filas ba ya cin ta. Ni da ita na rubuta memwar ɗina a kan 'yar kwamfutar nan ta PB HEV da gwamnatin Kamaru ta fara raba wa ɗalibai a ƙarshen 2017, wadda yayata ta bar mini, mai giga 32 kacal.

Malama Uwani (Gidar):
Ɗana, kai da kanka kake aiki, Baba da jama'a yake aiki. Na gwada abin da kake faɗa. Takardar makin ɗalibai da muke cikewa, wadda aka tsara a Excel, da na buɗe ta a can sai layuka suka goce, wasu lissafin suka ƙi. Na kai wa shugaban makaranta ya buɗe a tasa, sai ga shafi 2 ya zama 3. Mutumin da ɗalibi zai kawo wa memwar mai shafi 90 da teburori, ya ce gobe zai miƙa, ba shi da lokacin koyon sabon gida. Sannan ka tambayi firintarsa ko za ta yarda?

Lokacin da aka daina kula da Windows 7 a Janairun 2020 ma haka aka yi ta tsorata mu. Har yau akwai ofisoshin da ita ce a kai, ana ta aiki.

Ɗan Dang (Ngaundere):
Mama, ana ta aiki, ana kuma ta kuka da filas. Wanda ya tsallake rijiya da baya sau ɗaya ba ya cewa babu rijiya.

Baba Sakatare (Garwa):
Kun ga inda nake jin tsoron sabuwa, ba ma kuɗin ba, hannu ne. Tawa kibod ɗin Ingilishi gare ta, QWERTY, tunda ta Najeriya ta biyo. Aikina kuwa kusan duk da Faransanci ne. Sai na saita ta a AZERTY, tsarin Faransanci, daga ciki, abin da ke rubuce a kan madanni daban, abin da ke fitowa daban. Inda aka rubuta Q nan A take, inda aka rubuta W nan Z take, M ta koma gefen L, lambobi sai ka danne Shift. Wata 3 na yi ina zagin kaina kafin yatsu su haddace. Yanzu ko a duhu sai in buga é da è da ç ban duba ba. Yaron da nake koya wa aiki in ya zauna a kanta sai ya ce Baba wannan injin aljanu gare shi.

Ɗan ƙanena ya ba ni tasa na gwada, siririya kamar faranti. Madannan ba su da zurfi, kamar kana buga yatsa a kan tebur. Shafi ɗaya na yi, kuskure 11. Kuma ba ta da jan ɗigon nan na tsakiyar kibod, ni kuwa da shi nake tuƙa kibiya ba tare da na ɗaga hannu ba.

Alhaji Barebari (Njamena):
Wannan matsalar Fulanin Garwa ce, in sun saba da saniya ko ta daina nono ba sa kai ta kasuwa.

Baba Sakatare (Garwa):
Ni Bahaushe ne gaba da baya Alhaji, amma zan isar wa iyayen gidanka saƙo, su za su rama mini.

Alhaji Barebari (Njamena):
To wasa a gefe. Malam, na karanta duk abin da aka rubuta, kowa na maganar fanka da batir, babu wanda ya yi maka tambayar da ta fi muhimmanci. Aikin shekara 9 da ke cikin diskin nan, ina kwafinsa na biyu?

Ina tambaya ne don ni an yi mini karatun da bulala. Muna zaune a unguwar Waliya lokacin ambaliyar Oktoban 2022, da kogunan Shari da Lagon suka cika suka haɗe mana. Cikin dare ruwa ya shigo. Mutum na ta yara da tsofaffi, wa ke tuna jakar kwamfuta a ƙarƙashin gado? Bayan kwana 2 na koma da kwalekwale na ciro ta. Injin bai dame ni ba, cikin wata ɗaya na sayi wani. Amma lissafin shagon kayan gini na shekara 6, sunayen masu bashi da abin da kowa ya biya, hotunan mahaifiyata Allah ya jiƙanta, duk a ciki. Na kai diskin wurin mutum 3, babu wanda ya iya ciro ko shafi. Masu tsoron Allah cikin masu bashin sun zo da kansu sun faɗi abin da ake bin su. Sauran har yau muna gaisawa a masallaci, ni na sani, su sun sani, babu takarda.

Diskinka ya shekara 13 yana juyi in har na asali ne. Ba ruwa kaɗai ke kashe shi ba.

Baba Sakatare (Garwa):
Innalillahi. Allah ya jiƙan Hajiya, ya mayar maka da alheri. Alhaji ka taɓa ni inda ke ciwo. Babu kwafi. Akwai wani filas da nake zuba wasu abubuwa a ciki, rabona da shi tun kafin azumin bara.

Kuma da ka faɗi haka sai na tuna wani abu. Watannin baya wata mata ta zo da ɗanta, mijinta ya rasu, 'yan'uwansa sun taso a kan wani fili a Yelwa, sun ce ba saya ya yi ba, aro ne. Takardar cinikin ta ɓata a ƙaura. Ta ce ta tuna a wurina aka buga. Na nemi sunan marigayin, sai ga ta, 2018, da sunayen shaidu 4 da kuɗin da aka biya. Ba ta da sa hannu, don haka ba hujja ba ce a kanta, amma ta nuna mata waɗanda za ta nema. Biyu suna raye, suka zo suka yi shaida gaban mai unguwa. Matar nan ta dawo da kwanon dambu tana kuka. Irin waɗannan takardu sun fi dubu a ciki. Ni duk a ganina kayan aikina ne, ban taɓa kallon abin a matsayin ajiyar mutane ba.

Hajiyar Albasa (Marwa):
To Malam tunda an zo nan, bari in sa baki, don ni ta wannan ƙofar aka cuce ni. Ina riƙe lissafin buhunan da muke lodawa zuwa Yawunde da Duwala a laftof tun 2019, 'yata ce ta koya mini. Gilashin ya fashe a hanya, na kai wa wani yaro gyara, ba a Marwa ba, kada Mai Gyara ya tsargu. Kwana 3 tana wurinsa. Bayan sati biyu sai na ji farashin da nake sayen albasa a gona da sunayen manoman da nake ba kuɗin taki a bakin wani abokin hamayyata. Hotunan bikin 'yata na cikin gida, waɗanda mata ne zalla ba lulluɓi, Allah kaɗai ya san idon da ya gan su. Ba ni da shaidar da zan kama shi, na haɗiye.

Kai kuwa abin da ke cikin taka ya fi nawa nauyi. Takardar saki, rabon gado, bashi, ƙarar da wani ya kai wani. In ka sayar wa Ɗan Mubi a jaka 25, da asirin rabin unguwa ka haɗa masa.

Ɗan Mubi:
Hajiya ni fa wankewa nake yi kafin in sayar, wallahi.

Mai Gyara Domayo (Marwa):
Hajiya ta yi gaskiya, kuma abin kunya ne a sana'armu, ba zan kare kowa ba. Ɗan Mubi, wankin da kuke yi na minti 2 ba ya goge komai a diski mai faranti. Kamar ka yage shafin farko na littafi ne mai nuna inda kowane babi yake, babin na nan. Akwai manhajojin da yaro ɗan sakandare zai sa ya dawo da mafi yawansu. Sai an bi diskin an rubuce shi kaf da wani abu, wannan kuwa awoyi yake ci, shi ya sa ba a yi.

Abin da nake gaya wa kowa: in gyaran bai shafi diski ba, kamar gilashi ko fanka ko kibod, ka ce a zare maka diskin ka tafi da shi gida. A irin ta Baba sukuru ɗaya ne. In ba ya zaruwa, ka zauna a yi a gabanka. Mai gyaran da ya ɓata rai don ka ce za ka zauna, ɗauki kayanka ka yi gaba. In za ka sayar kuwa, sayar da gangar jiki, riƙe diskin.

Ɗan Kusiri:
Duk wannan ai ya ƙara ƙarfafa maganata. Ku sa komai a intanet, Google Drive na ba da giga 15 kyauta. Injin ya mutu, ya faɗa kogi, ɓarawo ya ɗauka, ka sayi wani ka shiga da kalmar sirrinka, shi ke nan.

Alhaji Barebari (Njamena):
Kai da ke tsallaken gada kana iya faɗin haka. Mu nan Chadi mun ga lokacin da aka toshe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 har Yulin 2019, wata 16. Na san ba a rufe komai da komai ba, amma ya koya mini cewa abin da ke hannun wani ba naka ba ne sai ranar da aka bar ka ka kai gare shi. Ga tsadar data. Ni yanzu uku nake yi: ɗaya a injin, ɗaya a diskin waje da ke gidan ƙanena a wata unguwa mai tudu, muhimman kuma a intanet. Duk Juma'a bayan masallaci nake kwafewa, na haɗa shi da abin da ba na mantawa.

Malama Uwani (Gidar):
Kuma takardar sakin wata da rabon gadon wasu, da izinin wa za a ɗora su a intanet? Wannan ma abin dubawa ne.

Uwar Biyu (Garwa):
Ni tambayata ta batir ce, ku yi haƙuri na katse ku. Nawa shekara 2 kawai ya yi ya kumbura har murfin ƙasa ya buɗe. Maigidana ya ce don ina barin ta a caji dare da rana ne. Ni kuwa yadda wutar nan take, musamman in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya da bazara aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa, in ba ka bar ta a jone ba yaushe za ta cika?

Mai Gyara Domayo (Marwa):
Hajiya, maigida ya yi rabin gaskiya. Batirin lithium abu biyu ya fi ƙi: zama a cike taf, da zafi. In suka haɗu, kamar a watan Afrilu da ɗaki ke wuce digiri 40, tsufansa na sauri ne. Wasu injinan suna da saitin da za ka ce caji ya tsaya a kashi 80, masu Lenovo su duba cikin manhajar Vantage. Amma na san a nan kowa so yake ya cika ta maƙil don bai san yaushe wuta za ta dawo ba, to sai dai a zaɓi wanda za a yi haƙuri da shi. Abin da ba na sassauci a kai: batirin da ya kumbura a cire shi yau, kada a huda, kada a danne, kada a jefa a shara inda ake ƙonawa. Yana kamawa da wuta.

Ku daina ɗora ta a kan katifa ko filo ko darduma, ƙofar iskar a ƙasa take. Ko murfin kwalba 4 ka sa a ƙarƙashi ta ɗan ɗagu, ka taimake ta. Sannan caja. Ku duba jikin ta asali, an rubuta 100 zuwa 240V, wato raunin wuta bai cika damunta ba. Abin da ke ƙona kaya shi ne dawowar wuta da ƙarfi, da tsawa a damina, da janaretan da ba a daidaita ba. An ɗauke wuta, zare. An kawo, bari ta zauna minti kaɗan. Cajar jaka 3 mara nauyi kamar kwalin ashana kuwa, ita ta fi kawo mini injinan da allonsu ya ƙone.

Na ƙarshe, masu hawa moto da ita a jaka: ku kashe ta gaba ɗaya, ba rufe murfi kawai ba. Wani lokaci ba ta yi barcin ba, diski na juyi, ga ramukan hanya.

Ɗan Dang (Ngaundere):
Da kyankyasai, Kawu. A ɗakinmu na haya wani ya buɗe tasa ya tarar da iyali guda har da jikoki.

Shugaban Zaure:
Jama'a an gode, amma masu turo tallan waya a tsakiyar zancen nan na goge, wanda ya sake zan fitar da shi. Baba, muna jiran abin da ka yanke.

Baba Sakatare (Garwa):
Salamu alaikum. Kwana 4 ke nan, ga yadda aka yi.

A daren da Alhaji ya yi maganar nan ban yi barcin kirki ba. Da safe kafin in buɗe shago na je na sayi diskin waje, jaka 22, na zauna na kwashe komai. Awa 3 ya ci. Fayil 14 sun ƙi kwafuwa, injin ya yi ta wani ƙas-ƙas a kansu sannan ya ce ba zai iya karantawa ba. Duk na 2017 ne. Na buɗe ɗaya da hannu, rabin shafin ya zama wasu alamomi kamar rubutun aljanu. Wato diskin ya riga ya fara ci daga gefe ban sani ba. Ban san na su wane ne ba cikin mutanen da suka zauna a bencin nan, sunayen fayilolin kawai suka rage.

Jiya na kai ta wurin wani yaro a kusa da babbar kasuwa, na ja kujera na zauna kamar yadda Mai Gyara ya ce. Bai ɓata rai ba, har shayi ya saya mini. Abin da ya ciro daga fankar, Mai Gyara, bargon da ka faɗa ne, har da ɓawon gyaɗa, ban san ta inda ya shiga ba. An sa mai, an sa ɗan batirin agogo, an sa SSD, RAM ya koma giga 8. Jaka 41 har da ladan hannu. Babban batir bai samu mai kyau ba, ya ce waɗanda ke kasuwa yanzu sabo ne a kwali amma ba ya ba da tabbaci, in jira ya sa a kawo daga Duwala. Tsohon diskin na naɗe shi a leda yana cikin adakar uwargida, ta ce in dai ba ya cin tufafi ya zauna.

Yau da safe na kunna ta na juya zan ɗauko kofi, kafin in waiwayo ta riga ta buɗe. Har na ɗan ji haushi, don lokacin shayina ne ta cinye.

Maganar Windows ban gama ba. Ɗan ƙanena ya sa mini Mint ɗin a filas in riƙa gwadawa da yamma ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. Firinta ta yarda, abin mamaki, amma sikana ta ƙi. Ɗan Dang, in ka sauko Garwa hutun nan ka biyo ta shago ka duba mini. Kuma ka zo da dabarar ƙ da ɗ da ɓ, masu katin biki sun fara cewa in daina rubuta musu "Dan" a maimakon "Ɗan".

Ɗan Kusiri:
Allah ya sa ta kai ka shekara 2. In ta mutu ranar da ɗalibai ke layi, ka tuna na faɗa.

Hajiyar Albasa (Marwa):
Malam, diskin wajen kada ya kwana a shago tare da injin. Ɓarawo in ya shiga duka zai haɗa.

Baba Sakatare (Garwa):
Yana aljihun babbar riga, Hajiya, tare muke zuwa tare muke komawa. Ɗan Mubi, tsohon batirin na nan in kana so, jaka 25.